Murya Ba Fuska: Nazarin Rayuwa da Salon Wasan Douglas Rain

1.0 Gabatarwa

Daga cikin ma'abota adabi babu wanda aikinsa ke saurin ɓacewa kamar ɗan wasan dandamali. Marubuci yakan bar littafi, mawaƙi yakan bar baitoci a bakin jama'a, amma wanda ya hau dandamali ya fito a matsayin sarki ko bara, da zarar masu kallo sun watse aikin wannan dare ya tafi ke nan, sai ɗan abin da ya saura a zukatan waɗanda suka halarta. Wannan ita ce matsalar da ke gaban duk wanda ya yi niyyar tarken ayyukan Douglas Rain (1928-2018), mutumin Kanada da ya shafe kakar wasa 32 a bikin wasan kwaikwayo na garin Stratford, ya kuma riƙe manyan matsayi a wasannin Shakespeare. Duk da wannan dogon aiki, duniya ba ta san shi ba sai ta wajen wani aiki na kwana ɗaya da rabi, lokacin da ya ara wa wata na'ura mai ƙwaƙwalwa mai suna HAL 9000 muryarsa a fim ɗin Stanley Kubrick, 2001: A Space Odyssey, wanda ya fito a shekarar 1968.

Akwai ra'ayin da ya yaɗu cewa wannan murya dace ce kawai aka yi, wato darakta ya nemi murya marar gishiri wadda ba ta nuna fushi ko murna, ya ci karo da wani mutum mai sanyin magana, ya sa shi karanta wasu layuka. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna raunin wannan ra'ayi. Za a yi ƙoƙarin tabbatar da cewa abin da ake ji a fim ɗin sakamako ne na tarbiyyar shekaru da dama a rediyo da dandamali, kuma halin da Rain ya ba na'urar hali ne na bafade, irin wanda ya saba fitowa da shi a wasannin Shakespeare.

2.0 Taƙaitaccen Tarihinsa

An haifi Douglas Rain a birnin Winnipeg na lardin Manitoba a shekarar 1928. Tun yana yaro ya fara shiga wasannin rediyo na gidan CBC, wato gidan rediyon ƙasar Kanada. Ya yi karatu a Jami'ar Manitoba, ya koyi wasa a makarantar fasaha ta Banff da ke lardin Alberta, daga nan ya wuce makarantar wasan kwaikwayo ta Old Vic a Ingila.

Komawarsa gida ta zo daidai da wani muhimmin al'amari a tarihin wasan kwaikwayon ƙasarsa. Stratford ƙaramin gari ne a lardin Ontario wanda a da tattalin arzikinsa ya dogara ga wurin gyaran jiragen ƙasa, kuma a wancan zamani wannan sana'a ta soma ja da baya. Sai wani ɗan jarida ɗan garin, Tom Patterson, ya kawo shawarar a ci gajiyar sunan garin, tun da ya yi daidai da sunan mahaifar Shakespeare a Ingila, a riƙa shirya bikin wasanninsa duk shekara. Aka gayyato shahararren darakta Tyrone Guthrie, aka kafa wani makeken tanti, aka buɗe bikin ranar 13 ga Yulin 1953 da wasan Richard III, inda Alec Guinness ya zama tauraro. Rain na cikin 'yan wasan farko. Ƙananan matsayi aka ba shi, amma shi aka ajiye ya maye gurbin Guinness idan wani uzuri ya taso, wanda kuwa ba ƙaramar amincewa ba ce ga saurayi ɗan shekara 25.

Daga nan sai matsayi ya yi ta bin matsayi. Ya fito a Malvolio a Twelfth Night (1957), wasan da masu karatun Hausa suka sani ta fassarar Ibrahim Yaro Yahaya mai suna Daren Sha Biyu. Ya fito a Yarima Hal a Henry IV (1958), da Iago a Othello (1959), da Sarki John (1960), da Wolsey a Henry VIII (1961), da Ulysses a Troilus and Cressida (1963), da Sarki Henry V (1966). A 1972 an sa sunansa cikin masu takarar lambar yabo ta Tony a New York saboda fitowarsa a matsayin William Cecil, mashawarcin Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya, a wasan Robert Bolt mai suna Vivat! Vivat Regina! Tsakanin 1974 da 1977 ya shugabanci sashen koyar da wasa da Ingilishi a Makarantar Wasan Kwaikwayo ta Ƙasa da ke Montreal. Ya yi Macbeth tare da Maggie Smith a 1978, ya yi Shylock a 1996, wato attajirin nan na wasan da Dahiru Idris ya mayar Hausa da sunan Matsolon Attajiri. Kakarsa ta ƙarshe a Stratford ita ce ta 1998. Ya rasu ranar 11 ga Nuwambar 2018 a garin St. Marys, kusa da Stratford, yana da shekara 90.

3.0 Tarbiyyar Murya

Yaron da ya fara wasa a rediyo darasin farko da yake koya shi ne cewa makirfo ba ya son ihu. Mai sauraro yana zaune a ɗakinsa, kunnensa kamar yana dab da bakin mai magana, don haka ɗan sauyin numfashi ko jinkirin rabin daƙiƙa ya isa ya isar da abin da ɗan wasan dandamali zai buƙaci ɗaga hannu ko zare ido kafin ya isar. Duk wanda ya tashi da sauraren wasan kwaikwayo a rediyo ya san yadda ake gane maƙaryaci da mai gaskiya ta murya kurum.

Dandamalin Stratford kuwa darasi na dabam ya koyar. Tanya Moiseiwitsch ce ta zana shi, kuma ta yi shi ne ya kutsa cikin masu kallo, suna zaune ta gabansa da ta gefunansa biyu. Ke nan a kowane lokaci ɗan wasa ya juya wa wani ɓangare na jama'a baya, waɗanda ba su ganin fuskarsa, sai dai su dogara ga abin da kunnensu ya jiyo. Ga shi kuma a shekaru huɗun farko cikin tanti ake wasan, ruwan sama na dukan rufi, jiragen ƙasa na busa a kusa. Wanda bai iya fitar da kowane baƙi da wasali tsaf ba, to, maganarsa ta salwanta. An gina zauren dindindin a 1957, amma an riƙe tsarin dandamalin yadda yake.

Hujja mafi ƙarfi game da wannan tarbiyya tana cikin fim ɗin Oedipus Rex na 1957, wanda Guthrie ya ɗauka da 'yan wasan Stratford, aka adana shi har yau. Wannan shi ne wasan Sophocles na tsohuwar Girka da Ola Rotimi ya yi wa gyaran fuska ya zama The Gods Are Not to Blame. Guthrie ya sa dukkan 'yan wasan sun rufe fuskokinsu da fuskokin aro da aka ƙera, bisa al'adar Girkawan da. Rain ne ya fito a matsayin manzon da ke fitowa daga cikin fada ya shaida wa jama'a cewa sarauniya ta rataye kanta, sarki kuma ya tsokane idanunsa. Bisa ƙa'idar wasan Girkawa, ba a nuna irin wannan ta'asa a gaban masu kallo, sai dai a ba da labarinta. Wato an ɗora wa mutumin da ba a ganin fuskarsa nauyin sa jama'a su ga abin da ba a nuna musu ba. Wannan kuwa shekara goma sha ɗaya ne kafin fitowar fim ɗin Kubrick.

Har ila yau, idan aka duba jerin matsayin da aka ambata a sama za a lura da wani abu. Ko da yake ya taɓa sarauta, yawancin fitattun matsayinsa na mutanen da ke tsaye a gefen mai mulki ne. Malvolio wakilin gida ne mai ji da kansa, wanda ke ganin ya fi iyayen gidansa sanin ya kamata. Wolsey da Cecil masu riƙe da asirin sarauta ne. Ulysses mai iya baki ne da ke juya jarumai da dabara. Iago kuwa shi ne macijin ƙaiƙayi, amintaccen da ubangidansa ke yi wa kirari da gaskiya alhali shi ne ke haƙa masa rami. Dukkansu mutane ne da harshensu ke faɗin abu ɗaya zuciyarsu na ƙulla wani, irin waɗanda Bahaushe ke cewa Musa a baki Fir'auna a zuci. Ɗan wasan da zai fito da irin wannan hali dole ya iya magana mai hawa biyu, wadda wanda ake yi wa ita zai gaskata, mai kallo kuma ya ji tsikar jikinsa ta tashi.

4.0 Yadda Kubrick Ya Samo Shi

A 1960 Hukumar Fina-finai ta Kanada ta fitar da wani gajeren fim na ilmantarwa mai suna Universe, wanda Roman Kroitor da Colin Low suka shirya a kan taurari da sararin samaniya. Rain ne ya karanta bayaninsa. Fim ɗin ya yi tasiri ƙwarai, har hukumar NASA ta Amurka ta sayi kofe fiye da 300 nasa. Kubrick ya kalle shi sau da dama lokacin da yake shirin nasa fim, kuma da farko ya ɗauki Rain ne don ya karanta irin wannan bayani. Daga baya ya yanke shawarar zubar da bayanin baki ɗaya.

Ita kuwa na'urar ta sha sauye-sauye. A rubutun farko sunanta Athena, kuma muryar mace aka nufa da ita. Bayan ta koma HAL, an ɗauki muryar Martin Balsam, ɗan wasan Amurka da ya taɓa cin lambar Oscar, amma Kubrick ya ga lafazinsa ya cika kama da hirar yau da kullum ta Amurkawa. Abin da ya ce ya samu wajen Rain shi ne lafazin da ba za a jingina shi ga Amurka ko Ingila ba. A haƙiƙa lafazin Ingilishin Kanada ne wanda horon dandamali ya goge, shi ya sa Ba'amurke ke jin sa kamar nasa amma ya kasa cewa ga garin da mai shi ya fito.

An ɗauki muryar ne bayan an gama ɗaukar hotuna. Keir Dullea da Gary Lockwood, waɗanda suka fito a 'yan sama jannati Dave Bowman da Frank Poole, ba da muryar Rain suka yi wasansu ba, wasu ne ke karanta musu layukan na'urar a wurin ɗauka. Shi ma Rain bai yi wasa da su ba. Kubrick ne ya zauna kusa da shi yana bayyana masa abin da ke faruwa a kowace fitowa. An ruwaito cewa ya yi aikin ne ba takalmi, ƙafafunsa bisa matashi, don jikinsa ya saki muryar ta kwanta. A nan ya kamata a yi adalci: rabon Kubrick a wannan nasara babba ne, domin shi ya zaɓa, shi ya tace, shi ya jera. Sai dai darakta ba ya iya tace abin da ba a ba shi ba, kuma ya riga ya gwada wani ƙwararren ɗan wasa bai sami biyan bukata ba.

5.0 Salon Muryar a Cikin Fim

Fim ɗin ya haura sa'a biyu, amma maganar da ke cikinsa ba ta kai minti arba'in ba. Kashin da ya shafi HAL yana faruwa ne cikin kumbon Discovery a kan hanyarsa ta zuwa duniyar Mushtari, da mutum biyu a farke, uku kuma an kwantar da su cikin dogon barci. Na'urar ce ke tafiyar da komai na kumbon. Abin da ake gani nata bai wuce wani jan ido na gilashi da ba ya ƙiftawa ba. Hausawa na cewa labarin zuciya a tambayi fuska, to ga mai zuciya an kawo ba fuskar da za a tambaya.

5.1 Ladabi

Abu na farko da kunne ke kamawa shi ne Rain bai kwaikwayi inji ba. Kafin wannan fim, an saba jin na'urorin fina-finai suna magana a karkatse, gaɓa-gaɓa, da amo irin na ƙarfe. Muryar HAL kuwa a haɗe take, mai taushi, kusa da kunne kamar ta mai jinya. Rausayar muryar ba ta hawa sosai ba ta sauka sosai, amma tana nan, kuma cikin wannan ɗan taƙi ne ake yin wasan duka. Alal misali, a hirar da wani ɗan jarida ya yi da ita, inda take bayyana cewa irinta ba ta taɓa kuskure ba, akwai wani ɗan jin kai da ke leƙowa ta ƙarƙashin tawali'un, har ɗan jaridar ya ambaci hakan. Malvolio ke nan a cikin kumbo.

Na'urar ba ta rabuwa da kiran sunan wanda take yi wa magana. Tana yabon zanen Dave, tana gode wa Frank bayan ta cinye shi a wasan dara, tana neman izini kafin ta yi tambaya. Mutanen kuwa maganarsu a bushe take. Frank ya saurari saƙon iyayensa na murnar ranar haihuwarsa ko gezau bai yi ba. Manazarta da dama sun lura cewa na'urar ta fi mutanen kama da mutum. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne irin mutumin da ta yi kama da shi, wato bara mai ladabin da ya wuce kima, wanda ya san asirin tafiyar alhali iyayen gidansa ba su sani ba. Fitowar da ta fi nuna haka ita ce inda take bugun cikin Dave game da jita-jitar da ta dabaibaye tafiyar, tana yi kamar ita ce ke cikin damuwa. Wannan dabarar Iago ce sak, ta jefa shakka sannan a ja da baya. Da Dave ya ƙi hawa, sai ta katse zancen farat ɗaya ta ba da rahoton cewa wani ƙarfen sadarwa zai lalace, rahoton da ya zama mafarin rikicin.

5.2 Shiru

Ba ƙaramin abin lura ba ne cewa HAL ba ta cewa uffan lokacin da take kisa. Ta kashe Frank a waje cikin shiru, ta kashe masu barci uku ba abin da ake gani sai rubutun gargaɗi a allo. Da Dave ya dawo da gawar abokinsa ya nemi a buɗe masa ƙofa, ya yi ta kira ba amsa. Sa'ad da amsar ta zo, da muryar nan ta zo wadda ta yabi zanensa, ba ƙari ba ragi, har da ba da haƙuri. Da Rain ya saka ko ɗan ƙanƙanin mugunta a wannan wuri, da fitowar ta zube, domin da mai kallo ya sami abokin gaba irin wanda ya saba da shi. Firgicin ya samu ne daga rashin canjin.

5.3 Mutuwa

Gwajin ƙarshe shi ne fitowar da Dave ya shiga ɗakin ƙwaƙwalwar na'urar yana zare sassanta ɗaya bayan ɗaya. Ba kiɗa, ba abin da ake ji sai numfashin Dave cikin rigarsa da muryar Rain. Na'urar ta fara da lallashi, tana ba shi shawarar ya zauna ya huce. Ta amsa cewa ta yi kurakurai, ta yi alkawarin gyara. Daga nan ta koma roƙo, ta ce tsoro take ji, ta ce tana jin hankalinta na gushewa, tana maimaitawa. Kalmomin na mai kuka ne, amma muryar ba ta yi rawa ba. Saboda haka mai kallo ba shi da hanyar tabbatar da ko tsoron na gaskiya ne ko kuwa dabara ce ta ƙarshe, kuma ɗan wasan bai taimake shi da ko alama ɗaya ba. A ƙarshe ta koma yarinta, ta gabatar da kanta kamar ranar da aka fara kunna ta a Urbana ta jihar Illinois, ta rera tsohuwar waƙar nan Daisy Bell ta 1892, wadda wata kwamfutar IBM ta taɓa rerawa a ɗakin binciken Bell a 1961. A nan an yi amfani da na'ura wajen jan muryar da nauyaya ta, don haka ba duk abin da ake ji ne aikin maƙogwaron Rain ba. Amma tausayin da ke kama mai kallo ga wanda ya kashe mutum huɗu ya riga ya kafu tun kafin a fara jan muryar.

6.0 Bayan 1968

Rain ya koma Stratford ya ci gaba da aikinsa. Ya ɗan yi wa kansa shaguɓe a fim ɗin barkwanci na Woody Allen, Sleeper (1973), inda ya sake yin muryar kwamfuta, ya kuma karanta bayanin The Man Who Skied Down Everest (1975), wanda ya ci lambar Oscar. A 1984 ya sake ɗaukar matsayin HAL a fim ɗin 2010 na Peter Hyams. Muryar na nan da kyanta, sai dai fim ɗin ya yi mata illa ta hanyar bayani. An fito fili an ce na'urar ta rikice ne saboda an umarce ta da ɓoye gaskiya alhali an gina ta a kan faɗin gaskiya, sannan aka ba ta damar wanke kanta ta hanyar sadaukar da rai. Da aka tabbatar wa mai kallo cewa zuciyarta fari ce, sai hawa na biyu na maganar ya rushe, ladabin ya koma ladabi kawai. Kwatanta fina-finan biyu ya isa ya nuna cewa ƙarfin wasan farko yana cikin abin da aka hana mai kallo sani.

Tasirin muryar ya bazu fiye da sunan mai ita. Anthony Hopkins ya ambaci HAL cikin abubuwan da ya duba wajen gina muryar Hannibal Lecter a The Silence of the Lambs (1991). A 2003 Cibiyar Fina-finai ta Amurka ta sa HAL a matsayi na 13 cikin miyagun fina-finan ƙasar. Kuma tun daga fitowar Siri a wayoyin Apple a 2011 da Alexa ta Amazon a 2014, duk lokacin da aka tashi muhawara a kan yadda ya kamata na'ura ta yi wa mutum magana, da wuya a ƙare ba a ambaci HAL ba, ko da yake kamfanonin sun fi karkata ga muryar mace, wato sun koma ga shawarar da Kubrick ya fara yi ya watsar.

Shi kansa Rain bai ɗauki aikin da wani muhimmanci ba. Ya guji hira da 'yan jarida a kansa, kuma an ruwaito cewa bai taɓa zama ya kalli fim ɗin ba. A kakarsa ta ƙarshe a Stratford, a 1998, ya fito a matsayin Thomas More a wasan A Man for All Seasons, wanda shi ma Robert Bolt ya rubuta. More mashawarcin Sarki Henry na Takwas ne da ya ƙi bayyana abin da ke ransa game da auren sarki, ya fake da shiru har aka fille masa kai a 1535.